Baƙin Liyarin Goggo

Sa ɗaya, buhun gero biyu, da keken da nake zuwa kasuwa da shi. Abin da na sayar ke nan na shiga cinikin liyari, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Wannan sa ɗaya ne daga cikin biyun da muke huɗa da su, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. In ban mayar da shi ba kafin damina, gonarmu sai dai a bi ta da hannu.

Liyari tsohon kuɗin azurfa ne mai faɗi, da kan wata mace a fuska ɗaya, tsuntsu mai kai biyu a ɗaya fuskar. Tsofaffin matan ƙauyukanmu sun gaje shi, suna ɓoye shi a ƙasan adudu. Da yunwa ta matsa suka fara fito da shi, maƙera na saye a kan nauyi su narkar su yi zobe.

Wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwar Kano shi ya buɗe min ido. Ya jera guda biyu a tabarma, ya miƙo min gilashi mai ƙara girman abu.

"Malam, shekara ɗaya aka rubuta musu duka, amma ba hatimi ɗaya ya buga su ba. Dubi ƙwayoyin da ke maɓallin kafaɗarta. Dubi gashin wutsiyar tsuntsun. Wannan na maƙera ne. Wannan kuwa tsohon bugu ne, masu tarawa na biyan kuɗin guda goma a kansa. Amma ka kawo min shi da dauɗarsa."

Na yi ta yawo a ƙafa, gida gida. Mafi yawan abin da na samu na maƙera ne, ribarsa ba ta wuce ta kuɗin mota ba. Sai a wajen goggona, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye bayan Ɗambatta, na tarar da guda uku, duka tsohon bugu. Muka yi ciniki, na ce zan dawo da kuɗi bayan kasuwar Lahadi. Ban ce mata kada ta taɓa su ba, don ban ga abin da zai sa ta taɓa su ba.

A wajenmu mace ba ta miƙa wa mai saye abu da datti. Ko ƙwarya za ta sayar sai ta wanke. Da na dawo, Goggo ta fito da guda biyu a faifai suna ƙyalli kamar sabon kwano. Ta jiƙa tsamiya, ta dirje su da toka har ƙwayoyin maɓallin suka kusa shafewa.

"Ka ga yadda suka fito?" in ji ta. "Hannuna har ya yi kanta."

Na ce, "Sannu da aiki, Goggo. Ina na ukun?"

"Wannan ai dalma ce. Baƙinsa ya yi yawa, ban ɓata tokata a kansa ba. Ɗauki, gyara na ba ka."

"Goggo, ana ba da azurfa gyara?"

"Kai dai tun kana yaro ba ka raina gyara. Ɗauki kafin in fasa."

Na biya ta kuɗin biyun yadda muka yi, na naɗe baƙin a tsumma dabam.

Da na koma Kano, dattijon ya juya masu ƙyallin sau ɗaya ya ture su gefe. "Wa ya yi musu wanka?" Na ce uwa ce. Ya ce, "To, Allah ya saka mata, ta mayar da su na maƙera." Baƙin kuwa ya daɗe yana dubawa. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na fara naɗe tsummana. Sai da muka sha ruwa muka yi sallar la'asar kafin muka daidaita.

Tun daga nan, duk gidan da na shiga, kafin gaisuwa ta ƙare nake cewa, "Inna, a bar min shi yadda yake." Suna dariya, suna ce min mai sayen datti.

Da ruwa ya sauka, ga yadda lissafina ya tsaya. Na sayi ɗan bijimi, bai kai na da ba, amma ya ja garma. Na kai wa Goggo buhun gero, na faɗa mata na gyaranta ne, ta ce ashe da ta san haka da ta huta da dirza. Buhu ɗaya ya shiga rumbunmu. Keke bai dawo ba sai bayan kaka biyu.