Ranar da Mma Ta Zauna a Tsakiyar Jirgi

Shekarun baya can, lokacin ina saurayin tela a unguwar Nima ta Accra, ina ji da kaina don na iya ɗan Turancin ciniki na kasuwar Zongo Lane, saƙo ya zo daga Kano cewa yayan mahaifiyata yana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma sunanta yake ta kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu, rabonta da shi tun kafin a haife ni. Hanyar mota ba za ta yi mata ba, ga nisa ga ciwon gwiwa. Dangi suka haɗa hannu aka saya mana tikitin jirgi, ni ne ɗan rakiya.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Jirgin da muke hawa a lokacin, takardar shiga ba ta da lambar kujera, kuma sau da yawa masu tikiti sun fi kujerun yawa. Da an buɗe ƙofa sai kowa ya zuba a guje cikin filin. Za ka ga babban alhaji ya tattare riga yana tsere da 'yan mata. Jirgin Kano kuwa sau ɗaya yake tashi a mako.

Sai na yi dabara irin ta tashar motarmu ta Circle. Duk wanda ya taɓa hawa mota a can ya san doka: ka ajiye hankici ko jaka a kujera, ka tafi sayen ruwa, ba mai taɓa maka wuri. Na bar mahaifiyata, Mma, tana tafe a hankali, na ruga na haye jirgi, na ɗora hulata a kujera ɗaya, dardumar sallarta a ta kusa. Na sauko ina kutsawa cikin masu hawa, ina yaba wa kaina wayo.

Kafin in taimaka mata ta gama hawa matakala, mu ne kusan na ƙarshe. Muna shiga na hango wasu mutum biyu masu kwat sun hakimce a kujerunmu. Hulata da dardumar suna ƙasa, gefen takalmansu.

Ban kai ga buɗe baki ba, ma'aikaciyar jirgin ta ɗauki abin magana. Murya ce da ita mai daɗi, kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Ta ce jirgi ya cika maƙil, duk wanda bai sami wurin zama ba ya yi haƙuri ya sauka, za a sa shi a na mako mai zuwa. Ta maimaita da Faransanci, sannan ta gode mana da muka zaɓi jirginsu. Wallahi godiyar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Sauran waɗanda ke tsaye suka fara sauka suna gunaguni. Na matsa wurinta in bayyana mata dokar hula, sai Turancin nan da nake taƙama da shi ya tsere, ba abin da ya rage mini sai "madam, madam".

"Me yarinyar take cewa?" in ji Mma.

"Wai jirgi ya cika."

"To a matsa mana. Motar Maamobi ma tana cika."

"Mma, nan ba a matsawa. Sun ce sai mako mai zuwa."

Ta dube ni, ta dubi ma'aikaciyar. "Gaya mata Yaya ba shi da mako."

Daga nan ta sunkuya da kyar ta ɗauki dardumarta, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa a tsakiyar hanyar da ake wucewa, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta fito da carbi. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ma'aikaciyar ta zo ta durƙusa tana lallashi, aka kira wani mai kaki ya zo yana muzurai. Mma ba ta ɗaga kai ba.

"Wanda zai ɗauke ni ya zo ya ɗauka," ta ce. "Amma da ƙafata ba zan sauka ba."

Can baya akwai wasu mata 'yan kasuwa masu sarin atamfa, mutanen unguwar Maamobi. Babbarsu, wata hajiya mai haƙorin Makka, ta kwance bel ɗin kujerarta ta miƙe.

"Ei! Wannan mama ya riga ku kama wuri, duka mun gani," ta ce da Hausarmu ta Zongo, tana nuna masu kwat. "Kai oga, ka jefa abin sallan tsohuwa a ƙasa, ba ka ji kunya? In mama bai zauna ba, mu ma ba mu zauna."

Sai kawai suka tashi gaba ɗayansu suka cika hanya. Ganin haka ni ma zuciya ta zo mini, na tsaya a kan mutanen nan biyu na harɗe hannu. Jirgi ba ya tashi da mutane a tsaye, kowa ya sani. Zafi ya taso, yara suka fara kuka, gumi ya jiƙa kowa. Ma'aikaciyar ta sake komawa kan abin maganarta, amma wannan karon muryar ɗaurin auren ta tafi.

Daga ƙarshe ɗaya daga cikin masu kwat ya fizgi jakarsa ya tashi, yana cewa shi ba zai yi tafiya da 'yan tasha ba. Matan suka raka shi da shewa. Ɗayan kuwa ya manne wa jaridarsa, ko ƙyaftawa bai yi ba. Kujera ɗaya ke nan, mu kuma mu biyu.

Mma ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Na fara cewa ko dai mu haƙura, ta katse ni.

"Sauka. Na zo Accra ba tare da kai ba, zan koma Kano ba tare da kai ba."

Hajiyar nan ta dafa kafaɗata. "Ɗana, bar mama a hannuna. Har ƙofar gida zan kai shi."

Haka na sauko ni kaɗai, na tsaya bakin shinge ina kallo har jirgin ya ɓace.

Tun daga ranar ban ƙara jin kunyar tsayawa kan haƙƙina ba, ko ana kallona ko ba a kallona. 'Ya'yana suna cewa na cika taurin kai, in muna layi a asibiti ko ofis har ja da baya suke yi kada a san tare muke. Ba na musu. Na ga yadda ake korar mutum da murya mai daɗi har a gode masa, kuma na san abin da haƙurin ranar zai jawo mana da mun yi shi. Jirgin mako mai zuwa da suka yi mana alkawari, shi na hau. Na isa Kano na tarar ana sadakar uku. Mma tana zaune a tsakar gida cikin masu karɓar gaisuwa, ta kama hannuna ta ce, "Ya gane ni. A cinyata ya sha ruwansa na ƙarshe."