Gyaran Yaya Rabilu, Sunana a Kai

Ku daina cewa wai sai mai diplom ke samun aikin kod, wato rubuta manhaja. Ni ko jarrabawar BEPC ban ci ba, ga ni ina yi wa wani kamfani na Yamai aiki daga ɗakina. Abu ɗaya suka duba: gyare-gyaren da ke da sunana a wata manhaja ta kyauta, irin wadda kod ɗinta ke buɗe, duk wanda ya iya ya sa hannu. Sai dai rabinsu ba ni na yi ba.

Yaya Rabilu ne, ɗan wan babana, mai gyaran salula a kasuwar Dungas. Shi ya koya wa kansa kod, ya koya min. Manhajar ta taswira ce, kuma da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke sai ta manta hanya. Ƴan kabu-kabu masu zuwa Mallawa suka ishe shi da ƙorafi. Wata uku yana fama da ita a rumfarsa har ta gyaru.

Da zai tura gyaran, layinsa na Najeriya ne, saƙon buɗe kont, wato asusun da ake tura aiki da shi, ya ƙi shigowa.

Ya ce, "Sa'ida, zuba a naki."

"Yaya, sunana fa zai fito."

"To? Hatsin gandunmu ba rumbu ɗaya muke zuba shi ba? Ke dai tura."

Shekara biyu muna haka. Da kamfanin ya nemi ma'aikaci, mu biyu muka nema. Aka ce ya nuna aikinsa, babu ko layi ɗaya da sunansa. Ni kuwa matar da ke min tambayoyi ta ce gyaran taswirar nan ya burge ta. Na ce, "Na gode." Iyakar abin da na ce ke nan.

Ranar da na faɗa masa an ɗauke ni, yana buɗe wata waya. "Madalla, Madam Injiniya. Miƙo min wancan batirin." Bai ɗago ba. Da ma zagina ya yi.

Jiya na rubuta wa masu kula da manhajar gaskiya, na aika wa kamfanin kwafi. Ƙila su kore ni. Kamfanin zai ɗauki mutum na biyu ƙarshen wata, amma sun ce sai an kawo shaidar cewa Yaya Rabilu ne ya yi gyaran.

Kai Illa, a moto ɗinka ya fara gwada taswirar. Nazir, kai ke riƙe masa rumfa in ya duƙufa. Duk wanda ya gan shi yana aikin nan, ya rubuta a ƙasan wannan rubutun da cikakken sunansa. Kar ku yi shiru irin nawa.