Mai Wankin Kwanuka da Ni

Ƙarambau ya fito mini kwana huɗu bayan Inna ta haihu, sai aka kwashe ni da tabarmata zuwa ɗakin baya, inda muke ajiye buhun masara da tarkace. Gwaggo, da ta zo yi wa Inna wankan jego, ita ke shafa mini farin magani, ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ta gargaɗe ni kada in kuskura in leƙo tsakar gida saboda jariri. Ta taga na sha sunan. Na ji ƙamshin suyar rago, na ji guɗa, amma bangon maƙwabta kawai nake gani, da wani ƙadangare mai guntuwar jela.

A kusurwa, ƙarƙashin tsohon zani, akwai kwamfutar da ofishin su Baba suka yar. Na ji yana faɗa wa Kawu na Hanwa ya zo ranar Asabar ya ɗauke ta, ya kai makarantarsa. Da aka kawo wuta na kunna ta don kawai in ji wani motsi a ɗakin. A cikinta na sami wani wasa.

Wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai wankin kwanuka a jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Jirgin ya nufi rana zai ƙone, kowa ya gudu, shi kuwa an manta da shi a kulle cikin sito da tukunya a kansa. Sai ka rubuta masa da Turanci abin da zai yi: ɗauki cokali, buɗe akwati, leƙa ƙarƙashin tebur. In ka yi kuskure ya mutu, mutuwa kuma ta wauta. Ya ɗanɗana wata koriyar miya, miyar ta haɗiye shi. Ya gai da kyankyaso mai ido uku, kyankyason ya ji haushin gaisuwar. Kowane karo kwamfutar sai ta yi masa ba'a, ni kuma in toshe baki da filo ina dariya, ƙuraje suna mini zafi.

Wurin da wasan ke riƙe inda aka tsaya ya lalace. Wutar unguwarmu kuwa takan zo bayan azahar, ta tafi kafin la'asar. Da fanka ta fara sanyin jiki na san an gama. Washegari mutumin zai farka a sitonsa da tukunyarsa, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Na shiga rubuta kowane mataki a bayan littafina na kimiyya, har shafi biyar. Amma da yatsu biyu nake bugawa, ina neman kowane harafi. Sau uku na kai shi ƙofar ƙarshe, inda wani mutum-mutumin ƙarfe ke zaune bayan tebur, ya ce ba mai fita sai da fom. In na miƙa fom ya ce babu hatimi. Kafin in yi wani tunani, wuta ta tafi.

Na san wanda ke bugawa da yatsu goma. Baba ya fara aikin gwamnati ne a kan keken rubutu. Sai dai ni 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunana ba, in yana nemana sai ya ce wa ƙannena su kira waccan. Ni kuma ko a aji malama sai ta matso kafin ta ji muryata. Gaisuwa ce kaɗai tsakanina da shi, ina durƙushe, idona a kan takalminsa.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya shigo da kwali zai ɗaure kwamfutar, tun da shi ya yi ƙarambau yana yaro. Ya tarar da ita a kunne, ni a gabanta fari fat kamar an tsoma ni a gari. Na sauka ƙasa. Ya daɗe yana kallon mutumin da tukunya, sannan ya tambayi bango, ba ni ba, wane ne wannan. Na ce an manta da shi ne, kuma gobe za a tafi da shi bai fita ba. Bai ji ba, sai da na maimaita.

Ya naɗe hannun babbar rigarsa ya zauna a kan buhun masara, ya nuna shafukan da na rubuta matakan.

"To, karanto."

Na karanto. Yatsunsa suna gudu kamar ruwa a kan kwanon rufi, har ya riƙa jirana, dole na ɗaga murya. Abin da ke cin mini duk lokacin wuta muka gama shi kafin ruwan da Gwaggo ta ɗora ya tafasa. Da mutum-mutumin ya ce babu hatimi, Baba ya tuntsire da dariya. Ban taɓa jin ta kusa haka ba.

"Wannan ai ofishinmu ne. Hatimin yana aljihun teburinsa, ba zai faɗa ba. Sai ya tafi cin abinci."

Ya sa mutumin ya tsaya kawai. Muka jira. Ina kallon fanka. Can sai mutum-mutumin ya dubi agogo, ya ɗauki gwangwanin mai ya fice. Baba ya buɗe aljihun, ya buga hatimi, ƙofa ta wangale. Ɗan ƙaramin jirgi ya fita da mutumin cikin duhu mai taurari, tukunyar tana nan a kansa.

Aka ɗauke wuta ana kiran la'asar. Baba ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa ƙofa a daina sosa fuska, zai bar tabo.

Na san in an kunna kwamfutar a Hanwa mutumin zai sake farkawa a sito. Da safe, kafin Kawu ya iso, na yage shafukan nan biyar, na ƙara maganar hatimi a ƙasa, na cusa su cikin kwalin. Ni sai da na ƙara kwana huɗu a ɗakin.