Audugar da na cusa a kunne

Da kunne ɗaya na zo Dubai. Na hagu ya mutu tun ina yaro, bayan wani zazzaɓi, na dama ne kawai ke yi mini aiki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mutanen garejin da nake gyaran mota a Ras Al Khor. In ana magana sai in juya wuya kaɗan, shi ke nan.

Wanda ya ja ni teku wani mutumin Zangon Kumasi ne, aikinsa ɗura iska a tukwanen masu nutso. Tsokana gare shi kamar me. "Kai ɗan Kano, ban da kududdufi ka taɓa ganin ruwa?" Haushin maganar nan ya kai ni koyon nutso. Da masu koyarwar suka ba ni takarda suna tambayar ko ina da ciwon kunne, na rubuta babu, ko ɗar ban ji ba.

Kuma wallahi na so abin. Duk ranar hutu sai mu shiga jirgin ruwa mai inji mu yi nisa, har gine-gine su ɓace, inda duwatsu ke kwance a ƙarƙashin teku. Shi yana harbin kifi da bindigar mashi, ni kuwa lobsta nake nema, wata halitta kamar ƙatuwar kunama, mai dogon gashin baki, tana laɓewa a ramin dutse. A can ba mai kirana, ba mai yi mini tsawa. Nan kaɗai nake jin ni mutum ne a garin nan.

Wani mako ruwa ya shige mini kunnen dama, ya kwana uku yana ƙaiƙayi. Tsoro ya kama ni. Da safen da za mu fita, sai na yi abin da muke yi a unguwarmu kafin mu faɗa kududdufi: na dunƙule auduga da man kaɗanya, na cusa ta sosai, na ja hular roba na rufe. An koya mana kada a toshe kunne in za a nutsa, domin nauyin ruwa zai danne shi. Na ji, amma na ce ai wannan auduga ce kawai. Ni a ganina tsare kunnena nake yi.

Tun muna sauka ya fara zafi. Abokina ya yi mini alama da hannu, lafiya? Na mayar masa, lafiya lau. Mu da aka tarbiyyantar a kan namiji ba ya raki! Ga kuma gashin bakin lobsta can ƙasa yana motsi. Na matse hanci na hura da ƙarfi don kunnen ya buɗe, kamar yadda aka koya mana, na ƙara hurawa. Sai na ji fas a cikin kaina. Duwatsun suka fara juyawa, ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Abokina ne ya riƙo ni ya hau da ni a hankali.

A cikin jirgi ya cire mini hular, ya zaro audugar jina-jina. Na ga bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, yana kuka yana zagina. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Likita a takarda ya rubuta mini bayani: ɓarnar ta wuce fatar kunne ta shiga can ciki, kada in sa rai da yawa. Watanni sun shuɗe, abin da ya dawo sai wata ƙara kamar ta tsohon firiji, ba ta tsayawa. Haushin kaina nake ji, irin wanda ba shi da wurin sauka. Ba wanda ya cuce ni, da yatsana na tura audugar.

A gareji yanzu allon waya ake nuna mini in karanta. Wannan da sauƙi. Mahaifiyata ce ba ta rubutu, saƙon murya take turowa duk Juma'a, mai tsawo, minti biyar, minti shida. Ban faɗa mata ba. Nakan danna, in zuba wa layin ido yana tafiya har ya ƙare, sannan in ɗaga wayar in ce, "To Inna, amin, amin, Allah ya ƙara girma." Ban san ko addu'a ta yi mini ba, ko rasuwa ta faɗa mini.