Ɗaki Mai Taya da Na Saya wa Dada

Da a ce yau za a ba ni ikon goge magana guda daga cikin duk abin da bakina ya taɓa faɗa, ba zan yi dogon tunani ba. Wata rana ce a ƙofar ɗakin kakata a Darini, ta yi mini tambaya, na ce mata, "Na duba." Alhali ban duba ba. Yanzu gemuna ya yi fari fat, waɗanda suka san zancen duk sun rasu, amma maganar nan tana nan zaune a ƙirjina. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai ɗan ajin yaƙi da jahilci, don haka ku yi haƙuri da yadda zan kawo labarin.

Dada muke ce mata, ita ta haifi mahaifina. Sana'arta ɗinkin ƙwarya. Duk matar da ƙwaryarta ta tsage a Darini da rugagen da ke kewaye, wurinta take kawowa. Tana da wata ɗabi'a: ba a miƙa mata ƙwarya ta tsaya kallon zanen da ke jikinta. Kife ta take yi, ta ƙwanƙwasa gindin da ɗan yatsa, ta kara a kunne. In ta ji abin da ba ta so, sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ta mutu tun bara, ba a dai gaya mata ba."

Da kaka, in an kawo gyaɗa gida, bayan magariba ake hura wutar kara a tsakar gida, mu yara mu kewaye ta muna ɓara. Ladanmu tatsuniya. Dada ba ta farawa sai ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da ke cinyarta ta ce, "Kunnuwa sun zo?" Mu kuma mu haɗa baki, "Sun zo, har da na aro!" Ni ne babban jikanta namiji, saboda haka ni ne mijinta na wasa, kuma wurina kusa da gwiwarta ba mai zama. "Angona," in ji ta, "wane irin miji ne kai, ko akurki ba ka gina mini ba?" Ni kuma in ce, "Bari in girma, tsohuwa. Ɗakin da zan yi miki, tafiya ma zai riƙa yi." A yi ta dariya har gyaɗa ta zube.

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta bushiya. A da can, in ji Dada, bushiya ba ta dunƙulewa, a miƙe take tafiya kamar kowa. Sai ta ga kunkuru yana yawo da ɗakinsa a baya, duk inda rana ta faɗi masa nan ne gida, abin ya shiga ranta. Ran kasuwa ta ci ado ta tafi, ta tarar da hankaka ya kasa wani tsohon ƙoƙon kunkuru, ya shafe shi da man shanu yana ta sheƙi. 'Yan kasuwa suka taru suna cewa, "Kai, wannan ɗaki ai sai bushiya!" A nan Dada takan tsaya ta dube mu, mu kuma mu ɗauki ihu, "Kife shi, bushiya! Kife shi!" Amma bushiya ta ji kunyar a ga mai ado irinta tana leƙen gindin kaya. Ta biya, ta shige. Ashe cinnaku sun yi gida a ƙarƙashin ƙoƙon. Suka hau cizonta, jama'a kuma na tafi suna yaba mata. Ta kasa fitowa don kada a yi mata dariya, sai ta dunƙule a ciki tana haɗiye kuka. "Shi ya sa har gobe," in ji Dada, "in ka kalli bushiya sai ta dunƙule. Ba tsoronka take ji ba, abin da ta saya take tunawa." Daga nan ta kife ƙwaryarta a ƙasa, mun san an tashi ke nan.

Na girma, na yi aure. Zamanin Turawa ne, bayan samarinmu da aka ɗiba zuwa yaƙi sun dawo. Na samu shanun huɗa guda biyu, ina ganin kaina wani ne a Darini. Dada kuwa ta tsufa, ƙugunta ba ya yarda ta hau jaki. Tana da ƙanwa guda da ta rage mata a duniya, Tsahara, tana aure a Babban Duhu, sun daɗe ba su sa juna a ido ba. A shekarar nan aka aiko cewa Tsahara na kwance, kuma sunan yayarta take ta kira. Dada ba ta ce wa kowa a kai ta ba, sai dai ta daina cinye tuwonta.

A kasuwar Batsari na ji labarin ɗakin. Wani Baturen allurar shanu ne yake jan sa a bayan motarsa in ya fita rangadi, ɗan ƙaramin ɗaki na katako a kan taya biyu, a ciki yake kwana. Da aka ɗauke shi daga ƙasarmu sai ya bar wa kukunsa, wani dattijo Malam Audu, shi kuma ya ajiye shi a gindin tsamiya a bayan gidansa a Safana, damina ta wuce a kansa, wata ta sake wucewa. Na ce a raina, in maƙeri ya sa masa dogon itace aka ɗaura a karkiya, shanuna za su ja shi, Dada ta kwanta a kan gado har ƙofar ƙanwarta.

Da na gaya mata sai ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. "Ashe angon nawa bai manta alkawari ba." Abin hannuna bai isa ba, ita ta ce a karɓo karsanarta daga wurin Bafillacen da ke mata kiwo a sayar. Ita ke nan dukiyarta. Da zan tafi ta riƙe gefen rigata ta ce, "Ban san ɗakin Nasara ba, amma duk abin da ya zauna a ƙasa, ƙasa ta san shi. Ka duba gindinsa."

Ban taɓa sayen abin da ya fi akuya ba sai shanun nan, su ma mahaifina ya yi cinikin. Na sa farar rigata ta Sallah na tafi Safana. Da ganin ɗakin na rikice. Malam Audu ya shafe shi da koren fenti, ga 'yar taga mai gilashi, ga ƙofa mai sakata, ga gado a ciki. Na buɗe tagar na rufe, na sake buɗewa. Na danna tayoyin, na ji su da ƙarfi. Kafin in ankara mutane sun taru, don ba kullum ake ganin ɗan ƙauye yana taya kayan Bature ba.

Zan faɗi gaskiyar Malam Audu, Allah ya jiƙansa: bai cuce ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ni girki na sani, ban san katako ba. Ya daɗe a ajiye. Ka shiga ƙarƙashi ka gani da idonka kafin in sallama." Har na fara naɗe hannun riga, sai wani mahauci daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ku matsa, ku matsa, mutumin Darini zai yi rarrafe! Malam, ko ƙwan zabi kake nema?" Wani ya ce, "Kayan Bature ne fa, ba rumbun tsohonka ba." Aka fashe da dariya. Na dubi farar rigata, na dubi ƙasa. Na saki hannun rigar na ce, "Baba, ai kayan da ya fito daga hannunka ba ya son bincike." Malam Audu ya dube ni jim, ya ce, "To, na sallama. Allah ya sa albarka."

Ranar da na shigo da shi Darini, har matan kulle sai da suka leƙo ta kan danga. Aka riƙo Dada zuwa ƙofar ɗakinta, ta kare ido da tafin hannu tana kallo. "Angona, ka duba gindin?" Ga mahaifina, ga matata, ga yara suna tsalle. Na ce, "Na duba."

Muka tashi bayan sallar asuba, ni a gaba da shanu, Dada a ciki kwance a kan gado, ta rungume ƙullin daddawa da wata sabuwar ƙwarya da za ta kai wa Tsahara. Ta cikin 'yar tagar take mini tsiya: "Direba, a hankali, amarya ce a ciki!" Rana ta ɗaga, muka iso wata ƙorama mai gangaren duwatsu. Taya guda ta hau dutse ta diro, sai na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Dada ta ce, "Wayyo Allah!"

Da na buɗe ƙofar, daɓen katakon ya rufta, ƙafar gadon ta zurma, Dada ta faɗa ta ramin, ƙugunta a kan dutse. Na kama katakon don in ɗaga, ya marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Gara ta cinye cikinsa kaf, fatar sama kawai ta bari. Da na durƙusa a Safana, ko da ɗan yatsa na taɓa da na sani.

Wasu makiyaya ne suka taimake ni, muka cire ƙofar ɗakin muka ɗora ta a kai, muka komo da ita gida a kafaɗa. Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa. Mahaifina ya tsare ni a gabanta, idonsa ja, ya ce, "Ba ka ce ka duba ba?" Kafin in buɗe baki Dada ta ce, "Kai, rabu da mijina. Ni ce na yi nauyi, tuwon matarsa ya karɓe ni." Matar da ko ɗan yaro zai iya ɗaga ta. Mahaifina ya juya ya fita. Ni kuma na bar maganarta ta rufe ni.

Tana kwance ba ta iya juyawa aka zo da labarin rasuwar Tsahara. Ɗan aiken ya kawo wata tsohuwar ƙwarya, ya ce mamaciyar ta ce a ba yayarta. Dada ta karɓa, ta kife ta, ta bi wani tsohon ɗinki da yatsa. "Ni na ɗinke mata ita, shekarar da aka kai ta ɗaki," ta ce. Ta ƙwanƙwasa gindin, ta kara a kunne, ta daɗe a haka. Ban taɓa ganin ta saurari ƙwarya tsawon wannan lokaci ba.

Na so in farfasa ɗakin in hura wuta da shi, ta hana. Ta sa na jawo shi tsakar gida, na ɗora shi a kan duwatsu, na shimfiɗa masa azara a madadin katakon, tana daga zaune tana ƙwanƙwasa kowace da sandarta kafin in sa. A ciki ta ƙarasa kwanakinta. "Angona ya yi mini ɗaki," take ce wa masu zuwa gaisuwa, "tafiyar ce dai ya gaji da ita."

Da wata kakar ta zagayo, 'ya'yan ƙannena suka kewaye wuta a bakin ƙofar ɗakin suna ɓarar gyaɗa, suka roƙi ta bushiya. Ina gefe ina gyaran igiyar shanu. Ta ba su kamar yadda ta saba, suka yi ihun "Kife shi!" kamar yadda muka yi. Amma da ta kai inda bushiya ta dunƙule, ba ta kife ƙwaryarta ba. Ta ce, "Sai wata tsohuwar kunkuru ta zo, ta sa bakinta a ƙofar ƙoƙon, ta ce, 'Bushiya, fito. 'Yan kasuwa sun watse, ni kaɗai ce, kuma na san akwai cinnaku. Fito in kakkaɓe miki.'" Wata yarinya ta ce, "Dada, ta fito?" Dada ba ta dubi inda nake ba. Ta ce, "Ana nan ana jiranta."

Na ji, na kuma gane. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tufka igiya, ina cewa gobe zan same ta ita kaɗai. Goben nan ta yi ta zuwa tana wucewa, har ranar da muka ɗauke ta daga cikin ɗakin zuwa makwancinta.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar ciniki. Tun daga ranar da Dada ta faɗi, ko tabarma zan saya sai na juya ta, har 'yan kasuwar Batsari suka sa mini suna Mai-leƙe. Sai da tsufa ya zo na ga cewa saye ba tare da dubawa ba shi ne ƙaramin laifina. Wannan kowa na iya yi, ga ƙuruciya, ga dariyar jama'a. Dada ta san ban duba ba tun ranar da katakon ya rufta, ta yafe tun kafin in roƙa, abin da ya rage mata kawai ta ji daga bakina don in huta. Shi na hana ta, na hana kaina.

Ku da kuka karanta, ina roƙonku abu biyu. Jikokin Tsahara suna nan a Babban Duhu, har yau abin da suka sani shi ne hanya ce ta yi muni. Kada ku kai musu zancen nan, ni zan je in faɗa musu da bakina in Allah ya ara mini kwana. Sannan in akwai wata tsohuwa a gidanku da ke jiran ku fito, kada ku yi irin tawa. Ku je tun ba ta kife ƙwaryarta ba.