Yo-yon Madaci

A shagona na ɗinki a Garwa akwai wata 'yar kabad ta gilashi da aka yi don ajiye yadi, ni kuwa na cika ta da yo-yo, abin wasan nan da ake sakewa a jikin zare ya gangara ya dawo hannu. Masu kawo ɗinki sukan leƙa su yi dariya, wai babba da ni, da furfura a gemu. Ban taɓa jin haushi ba.

Kowanne da halinsa. Na roba masu fitila a ciki burga ce kawai, kwana biyu zafin Garwa ya lanƙwasa su. Na ƙarfe, waɗanda wani ɗan kasuwa ke kawo mini daga Duwala, suna da sanyi da nauyi a hannu. In ka saki ɗaya sai ya tsaya a ƙarshen zare yana juyawa, yana ƙara ƙasa-ƙasa kamar keken ɗinkin da ya sha mai. Su nake ji da su. Can baya kuma, inda ido ba ya kaiwa, akwai wani na itacen madaci, ɓari ɗaya ya fi ɗaya kauri. Yayana ne ya sassaƙa shi da wuƙa muna yara, Inna ta kaɗa masa zare da mazari. Da shi ya koya mini, daga baya ya bar mini shi. Duk sanda ya zo daga Figil, inda yake aikin siminti, sai ya dubi kabad ɗin ya ce, "Kai tela, duk tarkacen nan ba su kai nawa ba."

Shekara guda bayan ya bar aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. A asibiti sun ce in bai riƙa motsa shi ba zai sandare, suka ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa. Ya wurga shi bayan katanga. Matarsa, wadda muke kira Adda, ta kira ni a waya tana kuka.

Na ɗauki wanda ya fi kowanne kyau a cikin na ƙarfen, na hau mota zuwa Figil, ina ta yaba wa kaina dabara. Na same shi a gindin darbejiya, hannun a kan cinya. Na zura masa zaren a yatsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sake shi. Yo-yon ya sauka ya tsaya yana juyawa. Ya fizga, bai hau ba. Ya sake fizga, har gumi ya keto masa.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Hannun ya mutu."

A nan na gane kuskurena. Irin waɗannan na zamani ba sa dawowa da fizga, sai ka naɗe zaren ta wata hanya, ni kuwa hannuna ya saba har na manta ana yin haka. Na shiga bayani. Ya ce, "Bar lallashina, ni ba yaro ba ne." Na fizga a gabansa ya ƙi hawa, ya ce da gangan na yi. Ya juya mini baya.

Kunyar da na ji a hanyar komawa ban taɓa jin irinta ba. Na je in nuna abin da na mallaka, na karya wa mara lafiya ɗan ƙarfin zuciyar da ya rage masa.

Na ciro na madacin. Zaren Inna ya ruɓe, ita ma ta daɗe da rasuwa. Na haɗa silin zaren ɗinki takwas, na murza a cinya, na gwada, na warware, na sake murzawa, har ya yi daidai. Wannan ba ya tsayawa a ƙasa. Ko yaya ka motsa, sai ya hau.

Da na koma, Yaya ya amsa sallama a daƙile. Na ajiye yo-yon a kan tabarma kusa da shi, na shiga gaida Adda. Muna hira na ji wani ɗan ƙaras, itace ya bugi ƙasa. Muka leƙa. Ya naɗe zaren da hagu, ya zura a yatsan dama, ya sake. Ya hau rabi ya koma. Ya sake. A karo na biyar ko na shida ya bugi tafin hannunsa, yatsun suka yi ta rawa, sannan a hankali suka rufe a kansa.

Adda ta toshe bakinta da gyale. Ni kuwa na fito ina jiran ya ce wani abu mai daɗi. Ya ɗago ya harare ni.

"Wa ya murza zaren nan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ya yi tauri. Tela guda, zare ya gagare ka. Kawo wani, in nuna maka."

Na ce to. Da na tashi tafiya na miƙa hannu in karɓi kayana, ya ƙara damƙe shi da hannun da ya ce ya mutu.

"Aro na ba ka," in ji shi.