Ɗanliti da Ɗamarar Sabuwar Mota

Duk wanda ya hau motar haya tsakanin Waca da Dungas a shekarun bayan fari ya san Ɗanliti. Gajere ne kakkaura, mai yawan fargabar abin da bai faru ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa wata tsohuwar akori-kura wadda birkinta sai an taka sau uku yake amsawa, ƙofarta kuwa da igiya ake ɗaure ta. Bai taɓa kuka da ita ba, don ya ce ya san halinta.

Da kakar 1977 ya rabu da tsohuwar, ya je Damagaram ya dawo da sabuwa fil, fara, mai rumfar tamfol a baya. Daga nan damuwarsa ta soma. Mai sayar da motar ya nuna masa wata ɗamara a jikin kujera, ya ce an yi ta ne don ta riƙe direba in an yi karo.

"In ranar karon ta ƙi riƙewa fa?" in ji Ɗanliti.

"Ba ta ƙi."

"Kai ka taɓa yin karon da ita?"

Mutumin ya ce Allah ya kiyaye.

Tun daga ranar, kullum da safe Ɗanliti zai shiga mota a ƙofar gida, ya ɗaura ɗamara, ya fizgi jikinsa gaba da ƙarfi sau bakwai don ya ga ko za ta sake shi. Matarsa Ƙande ta kan leƙo daga zaure da muciya a hannu, ta ce, "Malam, da tsohuwar nan da ba ta da birki kana cin tuwonka lafiya. Yanzu ka sayi mai lafiya, kai ka rasa taka."

Abin ya zo ta inda bai zata ba. Wata ranar kasuwar Dungas, ya tsaya a gindin tsamiya, fasinja suka sauka, aka sauke awaki da buhunan gero. Ya danna jan maɓallin ɗamara, ta ƙi buɗewa. Ya sake dannawa, ya ja, ya murɗa, tana nan daram a kan tumbinsa. Sai ya gyara hula ya kishingiɗa, wai shi hutawa yake yi.

Har rana ta take yana hutawa. Maikano baduku, abokin wasansa da ke da rumfa kusa, shi ya fara ganewa. Ya zo da wuƙarsa yana ƙunshe dariya.

"Kawo in yanke maka ita, mai sabuwar mota."

"Ka yanke me? Ko wata biyu ba ta yi ba!"

Nan da nan jama'a suka kewaye motar. Makaniki ya zo da ƙarafansa ya yi ta ƙwaƙula, ya gaji ya tafi. Wani ya miƙo masa fura ta taga. Da aka kira azahar, wani malami ya ce babu laifi ya yi salla a zaune. Aka kawo buta, ya buɗe ƙofa ya yi alwala a karkace, sannan ya tada mota ya juya ta gabas, mutane na buɗa masa hanya.

Can sai ga Zuwaira, wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa, ta kutso ta duba maɓallin.

"Ɗan nan, yashi ne ya cika ta. Haka kwaɗon akwatina yake yi."

Ta tsoma tsinke a kwalba ta ɗiga masa mai, ta ce ya danna. Ya danna, ɗamara ta yi ƙas ta buɗe. Ɗanliti ya diro ƙasa.

"Inna, Allah ya saka."

"Amin. Ka riƙa hure ta da safe."

Washegari ya tafi Magarya wajen mai rubuta wasiƙa, ya sa aka zuba wa masu sayar da motar ƙorafi shafi biyu da Faransanci. Sai da damina ta faɗi amsa ta zo, tare da sabon maɓalli a ƙunshe. Da aka kwance, ashe na kujerar fasinja ne. Ɗanliti ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce to, ba a mayar da kyauta. Ya sa aka ɗaura shi a can, ya kafa doka cewa duk mai son zaman gaba sai ya yi ɗamara.

Shekara guda cur manyan 'yan kasuwar Waca, da rawunansu da manyan rigunansu, suka yi ta hawa baya tare da awaki.